Garin da Lauratu Ta Bayar

Ranar Talata, sha huɗu ga Agusta, 1951, Zariya ta tashi da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Lauratu ta shiga jirgin ƙasa mai zuwa Funtuwa da ƙulli ɗaya soke a ƙugunta. Garin magani ne, wanda yayanta Rabe ya sha zirga-zirga kafin ya samo shi wajen likita. A Mahuta ta baro Kulu, 'yarta ta fari, kwance a ɗakin Gwaggo, tari yana neman ƙarasa ta.

Jirgin bai tashi ba sai da rana ta karkata. Kowa a taragon ya kama abin rage hanya. Wani dillalin auduga mai suna Mati ya baje karta a kan akwatinsa, ana cinye shi yana rantsuwa cewa an haɗa baki. Wani dattijo ya duƙufa kan ɗinkin hula. Mata suna ɓare dafaffiyar gyaɗa, suna shan rake, suna tofar da totuwa ta taga. Lauratu kaɗai ba ta da abin yi. Minti kaɗan sai ta taɓa ƙugunta.

Dab da magariba jirgin ya ja numfashi ya tsaya a tsakiyar daji. Aka ce ruwa ne ya kwanta a kan hanya. Daga nesa, bayan gonakin dawa, ana hango wani ɗan ƙauye. Hayaƙin tuwo yana tashi, ana jin daka, karnuka suna haushi.

Sai ta ji warin jiƙaƙƙiyar toka.

Wata tsohuwa ce zaune a bencin da ke gabanta, inda ɗazu babu kowa. Ba ta da haƙori ko ɗaya, ga jan magana, kowace kalma sai ta miƙe ta.

"Jikata, kowa yana wasa ban da ke. Mu yi kacici-kacici, hanya ta gajarta."

"Kaka, ba ni da sukuni."

"Shi ya sa."

Lauratu ta ga ko ba komai zuciyarta za ta huta da jiyo tarin Kulu. Ta gyaɗa kai.

"Ɗakina ƙofa ɗaya," in ji tsohuwar, ƙasa-ƙasa. "Mai shiga ba ya sallama, ba ya kuma fitowa."

Lauratu ta san amsar. Amma wace uwa ce za ta ambaci kabari da magariba, 'yarta tana kwance? Ta ce, "Ban sani ba."

"To, ba ni gaari."

Haka wasan yake tun ana yara: wanda ya kasa, sai ya ba da gari da fatar baki, a yi dariya a wuce. Lauratu ta nuna ta taga. "Na ba ki wancan."

"Na ci."

Dakan ya tsaya. Taɓarya ta ɗaga, ba a ji saukarta ba. Wutar gidajen ta shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kare na ƙarshe ya fara haushi, bai ƙarasa ba.

Tsohuwar ta lashi dasashinta.

Lauratu ta waiwaya neman taimako. Hannun Mati yana sama da karta, bai sauko ba. Allurar dattijon ta tsaya a rabin hula. Ko idon mutum ɗaya ba ya ƙiftawa. Ta buɗe baki za ta yi a'uziyya, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

"Garin wasu ba ya ƙosarwa," tsohuwar ta ce. "Naki nake so. Ga wani. Kwance take a tabarma, ɗakin Gwaggo, tana kiran wadda ba ta nan. Wace ce?"

Lauratu ta gane Kulu ake nufi.

Tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa kiran sunanta ba, kunyar ɗan fari. "Ita wannan" take cewa. Yanzu kuwa ta gane abin ya wuce kunya. In sunan ya fita daga bakinta, ta miƙa shi ke nan. In ta ce ba ta sani ba, saura Mahuta, da ɗakin Gwaggo a cikinta.

"Kaka, don Allah. Ki ɗauke ni."

"Ke ba a cikin wasa kike ba. Amsa."

Warin tokar ya cika mata hanci. Daga cikin zanen tsohuwar, can ƙasa, ta ji tari. Ƙaramin tari. Ta san shi.

"Ban sani ba," ta raɗa.

Tsohuwar ta miƙo hannu. Yatsun suka yi ta tsawo har suka taɓa gwiwarta. Sanyi.

"Ba ni gaari."

Gaari.

Ba na zaman mutane ba. Yadda bakin nan ya ja kalmar, na turmi da rariya ya ambata.

Hannun Lauratu ya kai ƙugunta. Shi ke nan abin da ta je Zariya nema. Babu wani.

Ta fizge ƙullin, ta danna shi a tafin tsohuwar.

"Ga gaari. Abin da kika ce. Na ba ki!"

Fuskar ta yamutse. Bakin ya yi ta kokawa da kalmar, amma wasa wasa ne, sai da ta fito.

"Na... ci."

Ta watsa shi a baki. Ɗacin ya kama ta, ta yi wata ƙara da ta haɗe da kukan jirgin. Tarago ya girgiza. Karta ta faɗi a kan akwati.

"Baiwar Allah, da wa kike faɗa?" in ji Mati.

Bencin babu kowa, sai ƙyallen ƙulli, a jiƙe.

Washegari da hantsi Lauratu ta isa Mahuta a kan jakin wani mai hatsi. Tun daga zaure ta jiyo tarin, ta durƙushe tana hamdala. Gwaggo ta dubi hannunta. "Ina maganin?" Lauratu ta buɗe hannu. Tafin hannunta na dama ya yi fari fat, kamar ta tsoma shi a ƙwaryar gari, wanki kuma bai fitar da shi ba. Masu zuwa daga kudu suka ce mutanen wani ƙauye a bakin hanyar jirgi suna kwashe kayansu, don wuta ta ƙi kamawa a murhunsu.

Ran Alhamis ta sa Malam Ummaru, mai rubuta wa mutane wasiƙa, ya rubuta wa Rabe: a sake neman magani, ko me za a sayar. Wanda zai kawo, in aka yi masa tayin wasa a jirgi, ya zama kurma.

Ita da kanta ta kai wasiƙar gidan waya na Funtuwa. Sai da ta ji faɗuwarta a cikin akwati sannan ta tambayi akawun ta wace hanya wasiƙar za ta bi.

"Jirgin yamma," ya ce. "Babu wani."