Injiniya, Miƙo Mini Ƙusa

Famfo ne ya kai ni, ba wani abu ba. Shugaban gandun tsuntsaye ya bugo mini waya da yamma, wai tankin da ke tara ruwan sama yana ɗiga, ga shi gobe za a buɗe wa baƙi ginin. Na ce zan leƙa. Ni na zana gidan, to wa zan aika?

Masaukin baƙi ne a tsakiyar fadama, inda masu zuwa kallon tsuntsaye za su riƙa hutawa. Sharaɗin da aka gindaya mini shi ne kada in cike ko taku ɗaya na ruwan da ƙasa. Sai na ɗora shi a kan turakun katako, na sa aka yi masa jinka da ciyawar wurin, na bar 'yan tsagogi a daɓen don iskar ruwa ta riƙa hawowa tana sanyaya zauren. Ba fanka, ba janareto.

Mijina ne kafintan aikin. Allah ya jiƙansa, taurin kansa ya kai nawa, ina jin shi ya sa muka daɗe tare. Ya rantse ƙusa ba za ta shiga ginin nan ba. Wai ƙarfe a kan ruwa tsatsa yake yi ya cinye katako, kuma dai ƙusa aikin raggo ce. Fegi yake fiƙewa na itace, ya huda katako ya buga shi ya zauna daram. A tsakiyar zauren akwai 'yar ƙofa a daɓe, ta duba lafiyar turaku. Yana cikin kwalekwale a ƙasa sai in ji ya ce, "Injiniya, miƙo mini fegi." In na zura hannu sai ya kama yatsuna ya ƙi saki, har sai na ce masa ma'aikata na kallo, tsofai-tsofai da shi ba ya jin kunya.

Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi, ana saura jinka. Mutane suka yi ta yaba mini haƙuri. Wallahi ba haƙuri ba ne, kukan ne ya ƙi zuwa. Ko muryarsa ba ni da ita a waya, don ya tsani saƙon murya. Abin da ya rage mini kawai wannan kiran nasa ne a cikin kaina. Shi nake juyawa kullum kafin barci ya ɗauke ni.

Rana ta kusa faɗuwa na bar mota a bakin tudu, na bi doguwar gadar katakon da ke kaiwa ginin. Kwaɗi sun fara kuka. Balbelu na komawa makwanci. Warin laka da na sabuwar ciyawa sun cika wurin. Na ɗaure famfon, abu ne ma da bai taka kara ya karya ba. Na shiga zauren don in kashe fitilun sola in tafi.

Sai kwaɗin suka yi shiru, duka a lokaci guda.

Iskar da ke hawowa ta tsagogin ta tsaya. Wani wari ya maye gurbinta, irin na ruwan da ya daɗe a rufe cikin tulu.

Ƙwas. Ƙwas.

Daga ƙarƙashin ƙafata ake bugu. Na ce wa kaina itace ne ruwa ke kaɗawa. Amma ruwan ko motsi ba ya yi. Na ji gefen kwalekwale yana gogar turke, alhali kwalekwalen aiki tun tuni aka fitar da shi tudu.

"Injiniya."

A hankali, da 'yar dusashewar nan tasa ta mai shaƙar ƙurar katako.

Ban gudu ba. Ku da ba ku rasa kowa ba, ku ce na yi wauta, na yarda. Durƙusawa na yi. Hannuna da kansa ya ɗaga murfin ƙofar. Ƙasa baƙi ƙirin, ban ga komai ba sai ganyen bado yana juyawa a wuri ɗaya.

Na zura hannu.

Aka kama yatsuna. Sanyi kamar cikin randa. Amma riƙon nasa ne, har da ɗan matsa babban yatsa da yake yi. A nan kukan da ya ƙi zuwa ya zo mini. Na kifa goshi a kan katako ina cewa ina ka shige, ka bar ni da jinka, ka bar ni da komai.

"Injiniya," aka ce cikin raɗa, "miƙo mini ƙusa."

Kukan ya tsaya mini cak.

Na ce, "Mijina ba ya taɓa ƙusa. Fegi yake cewa."



Riƙon ya ƙara ƙarfi. Yatsun suka hau wuyan hannuna, suka wuce gwiwar hannu. Sun yi yawa, kuma sun yi tsawo.

"Fegi," aka ce, kamar yaro yana koyon magana. "Fe-gi."

Sai muryar ta gyaru tsaf, ba inda ta bambanta da tasa.

"Injiniya, miƙo mini fegi."

Aka ja. Kafaɗata ta shige ramin. Kumatuna ya taɓa ruwa, ruwan da na san yana can ƙasa nesa da daɓe. Na tokare ƙafa da ginshiƙi, na ambaci sunan Allah da iyakar muryata, na fizge. Murfin ya faɗo ya rufe. Ban san yadda na ƙare gadar nan ba. Takalmina ɗaya har yau yana can.

Washegari da sassafe, kafin baƙi su iso, na koma tare da yayana. Ya ga shatar da ke hannuna. Ya ce a sa wa murfin ƙofar nan sakata mana, ko a buga fegi, tunda haka marigayi yake so. Na ce a'a, Yaya, fegi ana zare shi, kuma na san kaina. In aka sake kirana da kalmar daidai, zan buɗe. Ni da bakina na koya wa abin nan ita.

Na karɓi guduma na buga ƙusoshi a murfin, manya, ina bugawa ina ba mijina haƙuri.

Ginin yana nan, baƙi na ta yaba sanyinsa. Mai yi musu jagora yakan ce duk gidan babu ƙusa, sai wani mai ido ya nuna tsakiyar daɓe ya ce to waɗannan fa. Sun fara tsatsa ma, kamar yadda mijina ya faɗa.

Shatar hannuna ta warke. Abin da bai warke ba shi ne kiran. Da na kwanta na nemo muryarsa a kaina sai warin ruwan nan ya biyo ta, in rasa wane ne a cikinsu yake kirana. Don haka na daina nemowa. Abu ɗaya ya bar mini, shi ma na miƙa ta ramin nan da hannuna.