Zanen Ƙofar Abatcha

Ana kiran magariba, Gumsu tana kwashe tuwo, sai curin laka ya faɗo tsakar gida. Ɗanye sharaf, ga shi kuwa tsakiyar rani. Wani ya biyo. Yayanta Ibram ya ɗauka ya sansana, ya gane: ƙasar bakin kogin Gashuwa ce, inda marigayi mahaifinsu ke ɗebowa.

Mahaifin nasu, Abatcha, shi ya yi wa Nguru fuska tun zuwan jirgin ƙasa. Zaurukan attajirai, ƙofar kasuwa, duk yatsunsa ne suka murɗa laka ta zama zane. Amma na ƙofar gidansa ya fi so, kowace kaka sai ya sabunta shi da hannunsa. Yana jinya ya riƙe ƙanensa Laminu ya ce kada a taɓa shi. Laminu ya rantse. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, ya kankare shi, ya shafe wurin da siminti, wai zamani.

Yanzu ga Gumsu ta yanke jiki ta faɗi, ta tashi da muryar tsoho. Ibram ya ruga ya kira Malam Saleh.

Malam ya turara ɗakin, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Kai wane ne?"

"Abokin Abatcha. Cikin laka ya ɗauko ni, ya ba ni mazauni a zanen nan, ni kuma na riƙe masa hannu. An rushe mini ɗaki, malam. Wa ya yi rantsuwa?"

Laminu, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya duƙar da kai.

Malam ya ce, "Yarinyar ba ta rantse maka ba. Fita!"

"Ba na fita hannu rabbana. Ko in tafi da ita, ko da aikina na bangayen garin nan. Ɗansa ya zaɓa."

Ibram ya dubi ƙanwarsa, leɓenta ya bushe. Ya ce, "Bar mini ita." Gumsu ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Da safe ya zaga gari a ƙafa. Zaure bayan zaure, bango sumul babu zane, kamar Abatcha bai taɓa zuwa duniya ba. Ya dawo ya tarar da Laminu yana shafa simintinsa.

"Ka gani ko, ɗana? Ai haka ya fi tsabta."