Mai Kitso da Tsohon Mijinta

Hannunta na cikin gashin wata mata, amma idonta na kan madubi, domin ta nan take hango tsallaken titi. Yana nan. Tsohon mijinta ne, direban motar haya, ya sauke gilashi ya kafe ƙofar shagon kitsonta da ido, kamar yadda yake yi kullum tun da alƙali ya raba aurensu saboda dukan da ya karya mata haƙarƙari. In ta tashi aiki yana biye da ita har gida. In ta canza layin waya sai ya samo sabon, ya kira ya yi shiru, numfashinsa kawai take ji. Ta koma ɗakin yayarta, washegari ta gan shi a bakin lungu. Masu zuwa kitso suka fara janye jiki, wa zai zauna a shagon da ake gadinsa da harara?

Ta kai kuka wurin kawunta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ya taɓa ki ne? Titin naki ne? Mutum yana sonki, ke kuma sai tona mana asiri kike yi. Ki koma ɗakinki kawai." Ta fito hawaye na bin kumatunta, garin nan duk faɗinsa ya zame mata kamar ɗaki mara taga... "Ya Allah, ba ni da kowa sai Kai."

Wata rana da azahar tana shagon ita kaɗai, sai ga shi ya shigo ya tura ƙofa. Ya shaƙe wuyanta ya haɗa ta da bango yana cewa in ba shi ba sai dai kabari. Garin kokawar ƙwatar kanta butar ruwan zafi ta kife masa a hannu. Kafin ta dawo hayyacinta ya riga ta zuwa wurin 'yan sanda, yana nuna ƙuna, yana rantsuwa cewa biko ya je ta watsa masa. Ita aka rufe, wuyanta a kumbure, muryarta ba ta ko fita.

Ranar shari'a ya kawo mahaifiyarsa ta shaidi halinsa, tsohuwar da ta zauna gida ɗaya da su. Mai kitso ta sunkuyar da kai, ta gama sallamawa. Tsohuwar ta kalli ɗanta, sannan ta juya ga alƙali.

"Ranka ya daɗe, ni na haife shi, amma ba zan shiga kabari da haƙƙin marainiya ba. Ni nake gasa mata jiki in ya dake ta. Ran nan ma da safe a gabana ya ce yau zai gama da ita. Na riƙe rigarsa, ya ture ni."

"Mama!"

"Yi min shiru. Shirun da na yi a baya ne ya kawo mu nan."

Likita ya yi bayanin shatin yatsun da ya gani a wuyan mai kitso, aka duba wayarsa aka ga kiran da ya yi ta yi mata. Alƙali ya wanke ta, ya ɗaure shi bisa laifin bibiya da tsangwama da cin zarafi, ya kuma hana shi kusantar inda take ko bayan ya fito. Kawu, da ya zo kallon shari'ar, ya sulale ta ƙofar baya.

A waje ta tarar da tsohuwar zaune a kan matakala tana kuka. Ta durƙusa a gabanta.

"Mama, yanzu wa zai kula da ke?"

"Allah yana nan, 'yata. Ke dai ki yafe min."

Ta kama hannunta ta ɗaga ta a hankali. "Taso mu je gida, Mama. Kin haihu, kina da 'ya."