Tukwane Uku Marasa Tsingaro

Ranar Litinin da safe Manajan lambun furanni ya buɗe ɗakin gilashi, ya tarar ganyen agugu ya yi fari fat kamar an watsa masa toka. Agugu shukar ado ce mai ganye irin gashin tsuntsu, kuma na wannan lambu iri ne mai wuyar samu. Mai sito ya rantse ya ga Kawu, tsohon da ke kula da su, riƙe da jarkar maganin ciyawa. Aka karɓe makullin Kawu, aka ce gobe sai gaban 'yan sanda.

Shekara talatin Kawu yana lambun. Bai yi musu ba, ya dai kira 'yar ƙanwarsa mai aiki a ɗakin binciken ƙwari, wadda dangi ke tsokana da Uwar Ƙwari tun tana ƙarama tana tara su a gwangwani. Ta zo ranta a ɓace, don ta san Kawu ko kiyashi sai ya kauce masa.

Ta shimfiɗa farar takarda, ta kaɗa ganye ɗaya a kai. Wasu 'yan abubuwa da ba su kai tsinin allura ba suka hau yawo. Ta ce ba magani ya ƙona ganyen ba, ƙwarin tsotso ne suka shanye shi. Nan take Mai sito ya sauya baki, ya ce ai daga albasar da Mai gadi ya shuka a bayan katanga suka ƙetaro, kuma Kawu ne ya ba shi filin. Laifi ya zagayo ya sake sauka a kan tsoho.

Mai gadi ya amsa cewa albasarsa na da ƙwari, ƙafarsa dai ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Ta ɗebo nasa, ta jera su da na agugu a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na albasa ruwan ƙasa ne, fiffikensu fari-fari. Na agugu jikinsu fari, fiffike baƙi wuluk.

"Ranka ya daɗe, ba iri ɗaya ba ne," ta ce wa Manaja. "Wannan ba ya cin komai sai agugu, ba ya kuma tashi nesa. A jikin wani agugun aka shigo da shi."

Kawu ya ce shekara biyu ba a kawo sabo ba, duk rainonsa ne. Aka ƙirga, tukwane arba'in cif. Sai ta tuna ɗabi'ar da ake yi masa dariya a kai: ba ya cika tukunya da ƙasa sai ya ɗora tsingaron fasasshen tulu a kan hujin gindinta. Ta sa aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Talatin da bakwai na da tsingaro. Uku, waɗanda suka fi lalacewa, da yagen buhun taki aka toshe su.

"Ban da Kawu, wa ke da makulli?" in ji ta.

Manaja ya ce akwai na ajiya a sito.

Ta juya ga Mai sito. "Malam, agugu ya taɓa shiga motarka?"

"Me zai kai shi?" in ji Mai sito.

Aka buɗe bayan motar. A lungun shimfiɗa ta tsinci busasshen ganye, ta kaɗa a takarda, gawar mai baƙin fiffike ta faɗo. Ta bayyana yadda aka yi: Mai sito ya kwashe uku na asali, ya juye agugun da ake sayarwa a bakin titi a tukwanensu don kada ƙirga ta nuna giɓi, bai san ya yi wa ƙwari rakiya ba. Da ɓarna ta fito fili, ya nemi wanda zai laƙaba wa. Daga bisani Mai sito ya faɗi gidan da ya kai na asalin.

Manaja ya miƙa wa Kawu makulli da hannu biyu, kunya ta hana shi ɗaga kai. Uwar Ƙwari ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Kawu ya sunkuya kan madubin, ya daɗe yana kallon ɗan mitsitsin shaidansa.

"'Yar nan," ya ce, "gwangwanayenki da na riƙa zubarwa, ki yafe min."