Rijiyar Kufai Nata Take Ci

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina koyarwa a firamaren wani ƙauye bayan Durun. Sunana Dachung, mutumin Filato, amma ba mai kirana haka. Arnen makaranta, shi ke nan. Albashi ya ƙi zuwa, ni da matata Nanret koko muke sha mu kwanta.

Ran nan dab da magariba, mai unguwa Nata'ala ya zo gidana da kansa, har da doguwar gaisuwa, mutumin da bai taɓa ba ni hannu ba. Ya ajiye ƙwarya rufe da faifai.

"Malam, alfarma nake nema. Akwai tsohuwar rijiya a kufai, tun kaka da kakanni duk shekara ana kai mata abinta. Yanzu 'yan Hisba sun sa ido, kuma gaskiya shirka ce. Kai kuwa ba abin da zai rage ka."

Wato dama ni ɗan wuta ne. Maganar ta yi min zafi, amma ya ce zai ba ni gero, yunwa kuwa ba ta san zuciya ba. Na ɗauka.

Na ratsa gonakin dawa. Ina jin kiran salla a bayana, sai ya yanke a tsakiya. Gyare ma ya yi shiru. Wani wari ya tare ni, irin na mahauta bayan an yi ruwa.

A bakin rijiyar ƙahonin raguna ne tsibi guda, tsofaffi da sababbi. Sai a nan na lura ƙwaryar ba nauyi. Na ɗaga faifan.

Ba komai a ciki.

Bana rago ya fi ƙarfinsu. Ni suka aiko.

Na juya in gudu, ƙafa ta ƙi. Wuyana ya sunkuya da kansa, na leƙa.

Ba ruwa. Taurari ne a can ƙasa, birjik, ba irin namu ba, suna juyawa a hankali. Wani abu ya gitta ya rufe su duka, bai kuma gama wucewa ba. Nan na gane ƙasar da muke noma muna faɗa a kanta murfi ce kawai aka ɗora masa.

Iska mai sanyi ta ja rigata. Sansana ni yake yi.

Muryarsa a haƙorana na ji ta.

"Na wa ne kai?"

"Baƙo ne ni," na ce da raɗa.

"Sun ci da kai?"

"A'a."

"Sun binne naka?"

"A'a."

"To kai ba nasu ba ne. Da su na yi alkawari. Nasu nake ci."

Ƙafata ta saku. Na zura a guje, ina faɗuwa ina tashi. Ƙasa ta yi tozo a ƙarƙashina, ta wuce ni, dawa tana kwantawa a jere, ta nufi gari.

Kafin in isa na jiyo kururuwa daga gidan Nata'ala. Babban ɗansa Jibirin yana alwala a tsakar gida. Buta kaɗai aka samu, da rami mai faɗin faifai.

Na so mu bar garin, amma Nanret na da tsohon ciki, ga damina ta cinye hanya. Na zaci kashe ni za su yi. Ina! Tun daga ranar na zama Malam Dachung. Tuwo kwano-kwano, maza suna sa hannu a akushina, suna murmushin da ban taɓa tsanar wani abu kamarsa ba.

Da Nanret ta haihu, Uwaliya ungozoma ta zo ba a kira ta ba. Ta fita da mabiyiya kafin in hana, ta dawo hannunta duk ƙasa. Ta ɗauki jaririyar tana juya ta, tana duba cinyoyinta.

"Tubarkalla. Ai wannan tamu ce, Malam. A nan aka binne cibiyarta."