Ranar da Garrett Ya Hau Rufe Bututun Hayaƙi

Rana ta kusa faɗuwa na ajiye mota a ƙofar gidan yayana Garrett, da tukunyar wake da niƙaƙƙen nama a hannuna. Riƙe tsani kawai ya kira ni in yi masa. Tun rasuwar Baba shi kaɗai yake zaune a gidan, can bayan gonakin masara a arewacin Ohio, kuma in ban da ƙaramar 'yata, shi kaɗai ya rage min a duniya. Taurin kai gare shi kamar me, amma nawa ne.

Ina buɗe ƙofar falo ƙaurin gashi ya tare ni.

"Me ka ƙona?"

"Rakun ce ta tare min a bututun hayaƙi," in ji shi, yana ɗaure takalmi. "Ta hana ni barci. Jiya na hura mata wuta."

"A watan Afrilu? Garrett, kanka ɗaya kuwa? Yanzu fa suke haihuwa."

Kowa a yankinmu ya san halin rakun, wata dabbar dare kamar ƙatuwar kyanwa, mai baƙin zobe a ido da hannaye irin na mutum. Uwar takan haihu a kan ɗan dakalin da ke saman murhu, cikin bututun. In hayaƙi ya taso ita za ta iya hayewa ta fita, 'ya'yan kuwa ba su iya hawa ba. Jira ake yi ta kwashe su da kanta, sannan a sa murfin raga.

"Ita ma ba ta fita ba," ya ce, bai dube ni ba. "Gaba ɗaya suka faɗo cikin wutar. Na binne su. Kar ki fara min wa'azi, Noreen, zo mu je."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na bi shi. Ya hau da murfin da guduma, ya manta tocila, dole na bi bayansa da ita har kan rufin. Sama ta yi ja. Kwaɗin da ke ta kuka a kwalbati suka yi tsit lokaci ɗaya.

Sai muka ji wani kukan, siriri kamar na 'yan tsaki. Daga cikin bututun yake fitowa.

"Ka ce ka binne su," na raɗa masa.

"Na binne su."

"To rufe mu sauka."

"In ɗaya ya rage fa?" Nan na gane abin yana cin sa tun jiya, kunyar faɗa kawai yake yi.

Ya naɗe hannun riga, ya zura hannunsa ciki. Kukan ya tsaya.

Aka fizge shi.

Fuskarsa ta daki bulo, na ji ƙarar karyewar hanci. Aka sake shi kaɗan, aka ƙara fizga. Kafaɗarsa ta goce. Jini ya wanke bakin bututun, ya gangaro kan rufi har ƙarƙashin gwiwata. Bai yi ihu ba, numfashi kawai yake ja.

Na damƙi bel ɗinsa, na haska tocila ta gefen wuyansa.

Hannaye ne. Ƙanana, baƙaƙe, ƙonannu, babu gashi. Sun lulluɓe damtsensa, suna yagar nama suna hawowa. A ƙarƙashinsu wata fuska ce ta cika bututun, faɗinta ya kai na fuskar mace, fatarta ta saɓule, baƙin zobe kewaye da idanun. Ni take kallo.

Wani dogon hannu ya miƙo a hankali, ya shafa kumatun Garrett, ya nutsa yatsu cikin bakinsa.

Na rarumo guduma.

Na doka. Ƙashi ya fashe, ban san na wa ba. Na ƙara. Toka mai zafi ta feso min a ido, warin ruɓaɓɓen nama ya cika min maƙogwaro. Na ci gaba da duka ina kiran sunansa.

Aka saki.

Muka mirgino tare, muka faɗa kan tarin itace. Haƙarƙarina ya karye. Na ja shi a ƙasa har mota, hannunsa na jan ciyawa, babu fata daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ban waiwaya ba.

A asibiti suka ce cizon dabba ne, suka yi masa allurar haukan kare, suka yanke yatsu biyun da gudumata ta farfasa. Gidan mun sa masa kwaɗo. Na dawo da shi wurina.

Ya warke, sai dai ba ya magana sosai, kuma da rana barci yake yi. Jiya da yamma na zuba masa abinci, na fita ɗebo wanki. Da na dawo na tarar da shi tsugune a kan teburin kicin, ya tara ruwa a kwano. Yana tsoma naman ciki, yana murza shi da yatsun da suka rage, sannan ya kai baki. Duk wanda ya girma a nan ya san rakun ce ke cin abinci haka.

"Garrett," na ce a hankali.

Bai juyo ba. Na sake kira, na kuma kira. Sai da ƙaramar 'yata ta yi kuka a ɗaki, sannan ya ɗaga kai.