Shanun Suhaibu Gundumiliyan

Da Murjanatu ta san abin da dariyar ranar nan za ta haifa, da ta ciji harshenta har ya yi jini.

Gidan biki ne a Daura, ana yi wa amarya lalle. Sadiya, wadda ta shekara biyu tana bibiyar Suhaibu saurayin Murjanatu bai kula ta ba, ta ɗaga waya ta saita Murjanatu tana ɗaukar bidiyo.

"Ke mai saurayi makiyayi, shanu nawa gare shi da har Malam ya hana shi ke?"

Maganar ta soke ta. Mahaifinta Malam Munzali ya taɓa yi wa Suhaibu wannan tambayar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a gidanmu ba a faɗin adadin dabba, albarka ke gudu." Malam ya ce ba ya aurar da 'yarsa ga wanda bai san ƙarfinsa ba.

Amma su biyu suna da wani wasa. In ta ce tana son shi sau malala gashin tinkiya, sai ya ce, "Haba tauraruwata, tinkiya ai ana aske ta! Ni sau gundumiliyan nake son ki."

"Gundumiliyan kuma nawa ne?"

"Kakan tiriliyan ne, a gabansa biliyan ke rarrafe."

Shi ya sa ta dubi wayar Sadiya ta murguɗa baki.

"Gundumiliyan! Rabi a nan, rabi a Nijar!"

Aka kwashe da dariya har da guɗa.

Kafin kwana uku bidiyon ya zaga gari. A kasuwar shanu ta Mai'aduwa aka koma kiran Suhaibu Mai Gundumiliyan. Masu tambayarsa gaskiyar lamarin sai ya yi musu murmushi kawai, don ba a faɗi. Shirun nan aka ɗauka tabbaci.

Murjanatu ta kira shi a waya.

"Masoyina, ka fito ka faɗi adadin nan... gabana faɗuwa yake."

"Wa zai ɗauki shirmenmu da gaske, 'yar Malam?"

Ranar Talata da hantsi wasu mutane a kan babura suka same shi a makiyaya, gabas da garin Babban Mutum. Wani manomi da ya laɓe cikin dawa ya ji suna dukansa suna cewa, "Ina sauran? Kai mu inda ka ɓoye su!" Suka kora shanun, suka tafi da shi.

Malam da kansa ya kai Murjanatu rugar su Suhaibu. Ta zube gaban mahaifiyarsa.

"Inna Kande, bakina ne ya jawo... ki yafe mini!"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon turakun da babu komai.

"Goma sha ɗaya ne, 'yar nan. Yanzu ai babu albarkar da za ta gudu."

Malam ya share ido da hannun riga.

"Sha ɗaya ai sun isa riƙe mace. In Allah Ya dawo da shi, na ba shi."

Murjanatu ta yi sabon bidiyo tana kuka tana faɗin gaskiya. Mutum arba'in ne suka kalla.

Yau wata biyar. Har yanzu babu wanda ya san inda aka kai Suhaibu, ko yana raye.